Cinikin Jiragen Yaƙi: Abin da Ƙasa ke Saye da Abin da ke Saura a Hannun Mai Sayarwa

Jirgin saman yaƙi na zamani yana cikin kayayyaki mafi tsada da gwamnati ke saye, kuma yana cikin ƙalilan ɗin da kuɗi kaɗai ba sa isa a mallake su, domin masu ƙera shi ba su da yawa, kuma kowane kamfani daga cikinsu ba ya sayarwa sai da izinin gwamnatin ƙasarsa. A Amurka kamfanin Lockheed Martin ne ke ƙera F-16 da F-35, Boeing kuma yana ƙera F-15 da F/A-18. A Faransa Dassault ke ƙera Rafale. Birtaniya da Jamus da Italiya da Sifaniya sun haɗa hannu wajen Eurofighter Typhoon. Suwidin tana da Gripen na kamfanin Saab. Rasha tana da jiragen Sukhoi da MiG. Sin tana da J-10, sannan ita da Pakistan suna ƙera JF-17 tare. Koriya ta Kudu da Turkiyya da Indiya suna ƙoƙarin shiga wannan sahu. Kusan duk sauran ƙasashen duniya masu saye ne, kuma tun da jirgi irin wannan kan yi shekara 30 zuwa 40 yana aiki, ƙasar da ta sa hannu a kan kwangilarsa ta ɗaura igiya ce tsakaninta da ƙasar da ta sayar mata, igiyar da za ta daɗe fiye da gwamnatocin da suka ƙulla ta.

Masana harkar sukan kasa jiragen yaƙi zubi-zubi gwargwadon fasahar da ke cikinsu. Zubi na huɗu shi ne na jiragen da aka fara ƙerawa a shekarun 1970, irin su F-15 da F-16 da MiG-29, waɗanda har yanzu su ne ƙashin bayan rundunonin sama da yawa, sai dai an yi ta sabunta kayan cikinsu har wasu, irin su Rafale da Typhoon da sabon Gripen, suka kai matsayin da ake kira huɗu da rabi. Zubi na biyar kuwa, wanda F-22 da F-35 na Amurka da J-20 na Sin ke wakilta, babbar alamarsa ita ce abin da Bahaushe zai kira layar zana, wato an tsara siffar jirgin, an shafe jikinsa da wani irin fenti, an kuma ɓoye makamansa a cikin cikinsa, ta yadda rada ba ta gane shi sai ya matso kusa ƙwarai. Rada ita ce na'urar da ke aika igiyar lantarki ta bugi abu ta dawo, ta haka a san nisansa da saurinsa, kuma irin wadda ake yayi a yau ba ta da faifan da ke juyawa, ɗaruruwan ƙananan sassa ne ke karkata hasken nata a cikin ƙiftawar ido. Wannan ne ya sauya kamannin faɗan sama, domin matuƙa biyu da ke zagaye juna ido na ganin ido abin fim ne a yanzu, galibin artabu ana yin sa ne da makamai masu linzami da ake harbawa daga nesa, kuma wanda ya fara gani shi ke da rinjaye.

Daga nan ake gane cewa jirgi shi kaɗai ba ya cin yaƙi. Yana bukatar rada ta ƙasa, da jirgin leƙen asiri mai hango sararin sama daga nesa, da jirgin da zai shayar da shi mai yana tafe, da hanyar sadarwa da ke haɗa su duka ba tare da abokin gaba ya saurara ko ya toshe ta ba. A rikicin Indiya da Pakistan na watan Mayun 2025, Pakistan ta ce jiragenta ƙirar J-10C, ɗauke da makamai masu linzami na Sin samfurin PL-15, sun kaɓo jiragen Indiya har da Rafale, babban hafsan tsaron Indiya kuma ya amince daga baya cewa an yi asarar jirage ba tare da ya faɗi adadi ba. 'Yan kasuwar makamai sun yi ta kwaɗa wannan labari a matsayin shaidar fifikon wani samfuri a kan wani, alhali abin da aka gwada a wannan rikici tsari ne da tsari, wato yadda kowane ɓangare ya haɗa idanunsa da makamansa da umarnin da aka ba matuƙansa.

Batun kuɗi ya fi kowane ɓangare na wannan ciniki yaudarar jama'a, saboda farashin da jaridu ke bugawa na jirgi guda ƙaramin kaso ne na abin da za a kashe. Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san kuɗin sayensa ba shi ne nauyi ba, nauyin yana ga harawa da dussa da mai kula da shi. Haka jirgin yaƙi yake: kowace sa'a guda da ya yi a sama tana cin mai, tana cin kayan gyara, tana kuma cin sa'o'i masu yawa na aikin injiniyoyi a ƙasa, injinsa yana da adadin sa'o'in da in ya cika dole a sauke shi a yi masa garambawul, makamansa suna da wa'adin lalacewa kamar magani, matuƙinsa kuma sai an shekara da shekaru ana horar da shi, kuma idan ya daina tashi a kai a kai hannunsa ya yi sanyi. Hukumar binciken kuɗi ta majalisar dokokin Amurka ta ƙiyasta a 2024 cewa ɗawainiyar jiragen F-35 na Amurka har ƙarshen rayuwarsu za ta kusan kai dala tiriliyan 1.6, wanda ya ninka kuɗin ƙirƙira da sayensu fiye da sau uku, kuma ita ce ta gano cewa a watan Maris na 2023 kashi 55 cikin ɗari kawai na jiragen ke a shirye su fita aiki. Idan haka abin yake ga mai ƙera kayan, ana iya kwatanta halin mai saye. Afirka ta Kudu ta ƙulla cinikin makamai a 1999 wanda ya kawo mata Gripen 26, amma ba a jima ba aka jingine kusan rabinsu saboda ƙarancin kuɗi da matuƙa, kuma daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 dukkansu suka zauna a ƙasa domin kwangilar gyaransu ta ƙare ba a sabunta ta ba. Jirgin da ke cikin rumfa babu kayan gyara yana cikin lissafi a takarda, amma ba ya tsare iyaka.

Ƙasashen da ke da tsari sukan yi zaɓi ta hanyar gasa, inda rundunar sama za ta rubuta bukatunta, a gayyaci kamfanoni su kawo tayi, a gwada jiragen, sannan a auna ƙarfi da farashi da tabbacin samun kayan gyara. Finland, wadda ke da iyakar kimanin kilomita 1,300 da Rasha, ta kira jirage biyar, F-35 da F/A-18 da Rafale da Typhoon da Gripen, ta gwada su a cikin tsananin sanyinta a farkon 2020, ta ƙayyade cewa kuɗin ba zai wuce yuro biliyan 10 ba, kuma a watan Disambar 2021 ta zaɓi F-35 guda 64. A Suwizalan talakawa ne ke da ta cewa: a 2014 masu zaɓe sun ƙi amincewa da sayen Gripen 22 a ƙuri'ar raba gardama, a 2020 kuma suka yarda a kashe faran biliyan 6 a kan sabbin jirage da rinjayen kashi 50.1 cikin ɗari, tazarar da ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, kafin gwamnati ta zaɓi F-35 guda 36 a shekarar da ta biyo baya. Duk da wannan taka-tsantsan, a 2025 gardama ta tashi tsakanin ƙasar da Amurka, inda Suwizalan ta ce ta fahimci farashin a matsayin yankakke, Amurka kuma ta ce ba haka ba ne. Indiya ta nuna ɗaya fuskar gasa, wato yadda takan ja lokaci har bukatar da aka fara dominta ta tsufa. Ta buɗe neman jirage 126 a 2007, ta ayyana Rafale a matsayin zakara a 2012, aka shafe shekara uku ana ja-in-ja a kan farashi da kuma wanda zai ɗauki alhakin ingancin jirage 108 da za a harhaɗa a Indiya, har a 2015 Firaminista Narendra Modi ya sanar a Faris cewa za a sayi 36 kawai ƙerarru daga Faransa, aka sa hannu a 2016 a kan kusan yuro biliyan 8, jiragen farko kuma ba su iso ba sai 2020.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tarwatsa cinikin Indiya na farko shi ne sharaɗin da kusan kowane babban mai saye ke gindayawa yanzu, cewa mai sayarwa ya mayar da wani kaso na kuɗin cikin ƙasar mai saye, ta hanyar ba masana'antunta aiki ko koya wa injiniyoyinta fasaha. Wannan sharaɗi sau da yawa shi ke yanke hukunci fiye da gudun jirgi. Burazil ta zaɓi Gripen 36 a ƙarshen 2013 musamman domin Saab ta yarda a harhaɗa wasu daga cikinsu a masana'antar Embraer, a kuma horar da ɗaruruwan injiniyoyin ƙasar a Suwidin. Sai dai koyar da fasaha yana da iyaka, kuma iyakar tana tsayawa ne daidai wurin da mai saye ya fi so a wuce. Lokacin da Koriya ta Kudu ta sayi F-35 ta sa ran samun fasahohin da za ta gina nata jirgin da su, amma a 2015 Amurka ta hana guda huɗu mafi muhimmanci, har da ta sabuwar rada, abin da ya tilasta wa Koriya ƙirƙirar su da taimakon wasu kafin jirginta KF-21 ya yi tashin farko a 2022. A gefe guda kuma, wannan sharaɗi na mayar da kuɗi, da yake ya ƙunshi ƙananan kwangiloli barkatai da ake rufewa da sunan sirrin tsaro, ya zama kafar da cin hanci ke bi. Cinikin Al-Yamamah na 1985, wanda Saudiyya ta sayi jiragen Tornado daga Birtaniya ta biya da ɗanyen mai, an bincike shi shekara da shekaru har gwamnatin Birtaniya ta dakatar da binciken a 2006 da hujjar tsaron ƙasa, cinikin Afirka ta Kudu kuma har yau ƙurarsa ba ta gama lafawa a kotuna ba.

Inda gizo ke saƙa a wannan harka shi ne ikon da mai sayarwa ke riƙewa, tun kafin ciniki da kuma bayansa. A Amurka dokar kula da fitar da makamai ta 1976 ta wajabta a sanar da majalisar dokoki duk wani babban ciniki, a ba ta kwana 30 ta duba, ko kwana 15 idan mai sayen ɗan ƙungiyar NATO ne ko makusancin ƙawa, kuma a aikace shugaban kwamiti guda na iya riƙe takarda wata da watanni. Akwai jirgin da ba a sayarwa sam: majalisar ta haramta fitar da F-22 tun 1998, ko ga Japan da ta nuna sha'awa. Akwai kuma dokar 2008 da ta wajabta wa gwamnatin Amurka tabbatar da cewa duk makamin da za ta sayar a Gabas ta Tsakiya bai rage fifikon sojan Isra'ila ba, kuma ita ce ta sa Isra'ila ta daɗe ita kaɗai ke da F-35 a yankin. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta samu alkawarin guda 50 bayan ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020, amma cinikin ya cije a kan sharuɗɗan amfani da kuma dangantakarta da kamfanonin Sin, kuma a watan Disambar 2021 ta sa hannu a kan Rafale 80.

Turkiyya ce misali mafi kaifi, domin a da ita ba baƙuwa ba ce a shirin F-35, abokiyar tarayya ce da ta zuba kuɗi, masana'antunta suna ƙera sassa kusan 900 na jirgin, tana kuma shirin sayen guda 100. Da ta karɓi makaman kare sararin sama samfurin S-400 daga Rasha a watan Yulin 2019, Amurka ta cire ta daga shirin a cikin kwanaki, da hujjar cewa radar Rasha da ke zaune kusa da jirgin kullum za ta iya karanta sirrin layar zanarsa, jiragen da aka riga aka ƙera da sunanta kuma ba su bar Amurka ba. Ko sabbin F-16 guda 40 da ta nema daga baya ba a sake su ba sai a watan Janairun 2024, bayan majalisar dokokinta ta amince da shigar Suwidin cikin NATO. Ita kuwa dokar takunkumi ta 2017 da ake kira CAATSA, wadda ke barazana ga duk mai babban cinikin makamai da Rasha, ta taka rawa wajen sa Indunusiya ta bar Su-35 guda 11 da ta ƙulla, Masar ma ba ta karɓi nata ba.

Wani abin da masu saye kan gano a makare shi ne cewa tutar da ke jikin jirgi ba ita kaɗai ke da iko da shi ba, saboda kowace ƙasa da ta sa hannu a wani sashe nasa tana iya hana a sayar. Gripen na Suwidin da Tejas na Indiya da KF-21 na Koriya duk da injin kamfanin General Electric na Amurka suke tashi, JF-17 kuma da injin Rasha ya fara, domin ƙera injin jirgin yaƙi, wanda sassansa ke juyawa a cikin zafin da ya wuce na narkar da ƙarfe, fasaha ce da ƙasashe kaɗan suka ƙware a kai. Ajantina ta shafe shekaru tana neman jirgi, amma takunkumin da Birtaniya ta sa mata tun yaƙin tsibiran Falkland na 1982 ya toshe duk jirgin da ke da kayan Birtaniya a ciki, ciki har da FA-50 na Koriya a 2020, kuma da yake kamfanin Martin-Baker na Birtaniya ne ke ƙera wa jiragen Yamma da yawa kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi, zaɓinta ya ƙuntata har sai da ta sayi F-16 na hannu guda 24 daga Denmak a 2024 da yardar Amurka. Jamus ta riƙe cinikin ƙarin Typhoon ga Saudiyya bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a 2018, ba ta sassauta ba sai farkon 2024, duk da matsin Birtaniya. Ko jirgin hannu ba ya fita daga wannan igiya: a 2019 cinikin F-16 tsakanin Isra'ila da Kuroshiya ya rushe saboda Amurka ta ce sai an cire kayan da Isra'ila ta ƙara musu.

Bayan ciniki kuma sai batun manhaja. Jirgi irin F-35 ya dogara da kundin bayanai da ke koya masa bambanta radar aboki da ta abokin gaba, kuma galibi ana shirya wannan kundi ne a sansanin Eglin da ke jihar Filorida, yayin da tsarin odar kayan gyaransa ke bi ta kwamfutocin da ke haɗe da Amurka. Isra'ila ce aka ba damar da ba a ba kowa ba ta saka nata kayan lantarki. Maganar da ta yaɗu a Turai a 2025 cewa akwai maɓallin da za a danna daga nesa a kashe jirgin, ma'aikatar tsaron Amurka ta musanta ta, kuma a gaskiya ba a bukatar irin wannan maɓalli, tun da tsayar da kayan gyara da sabunta manhaja ya isa ya zaunar da runduna sannu a hankali. Iran ta ɗanɗani haka tun kafin zamanin manhaja, domin ta karɓi F-14 guda 79 a lokacin Sarki Muhammad Reza Pahlavi, juyin juya halin 1979 ya yanke mata hanyar kayan gyara, ta koma cire sassan wani jirgi tana raya wani.

Faransa ce ta fi cin ribar wannan yanayi. Rafale ya yi shekaru yana shan kaye a gasa, har ana yi masa kallon jirgin da ba ya sayuwa, sai a 2015 Masar ta sayi 24 da rancen bankunan Faransa, daga nan Katar da Indiya da Girka da Kuroshiya da Daular Larabawa da Indunusiya da Sabiya suka biyo, kuma babban abin da yake tallata kansa da shi shi ne cewa jikinsa da injinsa da radarsa da makamansa kusan duk na gida ne, mai saye da gwamnati ɗaya zai yi magana. Rasha kuwa yaƙin Yukren da takunkumi sun rage mata kasuwa, har cibiyar SIPRI ta Stockholm ta nuna Faransa ta sha gabanta a fitar da makamai a tsakanin 2019 da 2023.

Nijeriya ta san wannan darasi tun rundunar samanta, wadda aka kafa a 1964, tana jaririya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Birtaniya da Amurka suka ƙi ba ta jiragen yaƙi, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet da Chekoslobakiya, ta samo MiG-17 da L-29. A tsakiyar shekarun 1980 ta sayi Jaguar 18 daga Birtaniya, jirage masu tsada da ba su yi shekara goma cikakkiya suna tashi ba aka jingine su saboda kuɗin ɗawainiya, yayin da Alpha Jet, ƙaramin jirgin horo da kai hari da aka sayo a farkon shekarun 1980, ya yi aiki a Laberiya da Saliyo, ya kuma kai ga yaƙi da Boko Haram. Wannan bambanci yana nuna tambayar da ta kamata ta riga kowace, wato wane irin yaƙi ƙasa ke fuskanta. Mai fafatawa da mayaƙa a kan babura a dajin Sambisa ko dazukan Zamfara ba ya bukatar layar zana, tun da abokin gabansa ba shi da rada ko jirgi. Abin da yake bukata shi ne jirgin da zai daɗe yana shawagi da ɗan mai kaɗan, ya ga abin da ke ƙasa sarai, ya harba daidai. Shi ya sa A-29 Super Tucano, mai farfela, wanda ba ya ko kusa da gudun sauti, ya dace da aikin, amma ko shi bai zo da sauƙi ba. Damuwar Amurka game da take haƙƙin ɗan Adam, wadda dokarta ta Leahy ke ba ƙarfi, da kuma harin kuskure da jirgin sojan sama ya kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a watan Janairun 2017 inda mutane da dama suka rasu, sun jinkirta cinikin, ba a amince da shi ba sai watan Agustan 2017 a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 593, jirage 12 ɗin kuma suka iso a 2021 aka ajiye su a Kainji.

A 2021 ɗin ce kuma aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan, a kan F-7 na Sin da ake da su tun kusan 2010, sannan aka ƙulla sayen M-346 guda 24 daga kamfanin Leonardo na Italiya. Hikimar rarraba ciniki a fili take ga ƙasar da aka taɓa rufe wa ƙofa a tsakiyar yaƙi, domin idan wannan ya hana wancan zai bayar. Amma kowane samfuri yana zuwa da nasa injin, da nasa rumbun kayan gyara, da nasa makamai waɗanda ba sa hawa jikin wani, da nasa injiniyoyi da sai an tura su wata ƙasa dabam su koyo, kuma jirage uku na samfuri guda, idan ɗaya yana garambawul ɗaya yana jiran wani sashe daga Kamra, inda masana'antar Pakistan take, saura ɗaya ke nan a bakin aiki.